Maɓallin Wuyan Rigata

Sanarwa ga ɗaukacin al'ummar Tudun Wada: yau ni da kaina na ɓalla maɓallin wuyan rigata!

Tun da ciwon jijiyoyin motsi ya raunana yatsuna, matata ke ɓalla mini, ina tsaye kamar ɗan firamare. Likita ya ce magani da motsa yatsu. Sai ta dire mini tiren gyaɗa.

Na ce, "Hajiya, wannan jinya ce ko lebura kika samu?"

Ta ce, "Ɓare dai, Malam. Bakinka ai lafiya lau yake."

Kullum ina ɓara ina gunaguni. Ciwon na nan, amma yau ban kira kowa ba, alhamdu lillahi! Ku taya ni murna.

Hajiya, na janye maganar lebura.