Sandunan da Na Manta a Kasuwar Balensiya

Ranar Litinin ce bayan Ista, shekarar da nake aji biyar a firamare. Ina zaune a bakin rijiyar gidanmu a Mahuta ina tsince tsakuwa daga cikin aya, sai ga Baba ya faɗo gidan a guje, gilashin waldarsa na reto a wuya, babur ɗinsa ma bai kashe ba a ƙofar gida. Ban taɓa ganin Baba yana gudu ba sai ranar. Ya tsaya a tsakar gida yana haki, ya ce, "Rifkatu, sun yarda! Za a kai ki Sifen a gyara ƙafar!" Mama ta saki ludayi cikin tukunya, ta durƙusa a wurin ta kama waƙar godiya da yarenmu. Maman Terna, 'yar Binuwai da ke ɗakin kusa da namu, ta fito da kumfar sabulu har gwiwar hannu tana rangaɗa guɗa. Hajiya mai gidan ta leƙo ta taga tana tambaya ko haihuwa aka yi. Ni kuwa na riƙe farantin aya na rasa abin yi, don ban ma san inda Sifen take ba. A zatona can bayan Abuja ce.

An haife ni da ƙafar hagu a murɗe, tafin yana kallon ciki, a kan gefenta nake takawa. Gidanmu gidan haya ne mai ɗakuna a jere, yara a cikinsa kamar makaranta. Da yamma idan aka zana gidajen gala-gala da gawayi a kan siminti, aikina shi ne alƙalanci, in faɗi wadda ta taka layi. Idan tsallen igiya ake yi, ni ce mai riƙe bakin igiya. A carafke kaɗai babu mai ja da ni, tunda wasa ne na zaune, har ina da duwatsuna na musamman a gwangwanin madara. Sana'ar Mama kunun aya ce. Ni ke tsincewa da wankewa, yayana Bulus ya kai injin niƙa, Mama ta tace da farin ƙyalle, ta sa dabino da kwakwa da ɗan citta, mu ɗura a robobi a kai bakin titi. Sistocin asibitin cocinmu ne suka daɗe suna nema mini hanya a ƙasarsu, har Allah ya sa aka dace.

Ni da Mama muka tafi. A birnin Balensiya wata tsohuwa mai suna Sista Pilar ta tarbe mu, wadda ta yi shekaru tana aikin jinya a Kaduna, Hausarta ras sai dai ba ta iya faɗin "ƙ" ba. Aka yi aiki lafiya, na yi makonni da filasta, aka cire. Na duba ƙafata na gan ta a miƙe, siririya, fatar ta yi fari-fari kamar ba tawa ba. A nan matsala ta fara. Likita ya ce in taka, na ƙi. Na maƙale wa sandunan asibiti guda biyu, ina ɗage ƙafar kamar kaza a ƙasa mai zafi, don gani nake da na ɗora mata nauyi za ta karye ta koma yadda take. Likita ya gaya wa Mama cewa in ban fara takawa ba jijiyoyin za su sandare, wahalar da aka sha ta tashi a banza, ga lokacin komawa gida ya matso. Mama ta lallashe ni, ta yi faɗa, ta yi kuka, duk ban taka ba. Sai Sista Pilar ta ce, "Maman Rifkatu, ki bar ta. Yarinya ta gaji da kallon bango. Gobe za mu fita."

Fitar nan har yau ban manta da ita ba. Mun fara da wata gada, na leƙa ƙasa in ga ruwa kamar yadda nake yi a gadar Kaduna, sai na ga ciyawa da itatuwan lemo da mutane a kan kekuna. Sista ta ce kogi ne a da, ya yi musu ambaliya, suka kawar da shi zuwa bayan gari suka mai da wurinsa lambu. Mama ta riƙe baki ta ce, "Kogi guda suka ce ya tashi, ya kuma tashi?" A cikin wannan tsohon kogin ne muka tarar da gine-ginen da suka sa na manta da yunwa. Farare ne tas, har ido ba ya iya jure musu a rana. Ɗaya kamar ƙaton ido ne a kwance cikin ruwa, rabinsa gini, rabinsa inuwarsa, idan ka haɗa sai ka ga yana kallonka. Na kusa da shi kamar ƙashin kifin da aka cinye naman, haƙarƙari a jere, sai dai kowane haƙarƙari ya fi hasumiyar cocinmu tsawo. Na matsa na shafa jikin wani bango, na tarar ashe fasassun tangaram ne aka manna ɗaya bayan ɗaya, irin waɗanda muke tsinta a bola mu yi wasan girki da su. Na yi ta ihu ina nuna wa Mama, ita kuma tana cewa in rage murya kada a ce ba mu da tarbiyya.

Daga nan muka shiga tsohon gari, inda lunguna suka matse kamar na Unguwar Mu'azu amma babu kwata. Sista ta shigar da mu wani zaure na dutse inda fataken siliki suke ciniki a zamanin da. Ginshiƙansa a murɗe suke tun daga ƙasa har sama, kamar zanin da ake matse wa ruwa. Muna fitowa ta nuna tsallaken titi ta ce ga kasuwa. Na ce a'a, wannan coci ce. Yaya za a yi kasuwa da tagogin gilashi masu launi, da bango mai ado, da ƙubba a kai?

Kasuwa ce kuwa. Muna hawa matakala ƙamshi ya tarbe mu, na lemo da gasasshen burodi da ƙarnin kifi. Rufin duk ƙarfe ne da aka lanƙwasa aka yi masa furanni, na yi ta tunanin da Baba yana nan da ya kwana yana duba yadda aka haɗa shi. Ga tumatir kamar kan jariri, ga cinyoyin alade busassu a rataye jere-jere, Mama ta ce mutanen ƙauyensu da sun gani da sun ƙi komawa gida. Sista ta tsaya a wani teburi ta ce za ta ba mu abin shan garinsu, wanda babu irinsa a ko'ina. Aka miƙo farin abu mai sanyi a kofin gilashi. Na jingina sandunana da teburin don in karɓa da hannu biyu. Mama ta kurɓa, ta tsaya, ta sake kurɓa, sannan ta fashe da dariya har da hawaye. "Sista, ai kunun aya ne! Kunun aya ne ba dabino!" Mai teburin ta ɗebo aya a tafin hannu ta nuna mana, Mama ta karɓa ta tauna, suka yi ta hira da hannu kamar tsofaffin ƙawaye.

Suna cikin haka na hango taron yara can tsakiyar kasuwa, ƙarƙashin ƙubba, sun kewaye wani teburin kifi suna tsalle. Na ce sai na gani. Na kutsa tsakanin mutane da kofina a hannu, na tarar da wata halittar teku mai hannaye barkatai a kan ƙanƙara, da wasu jajayen ƙwari masu ƙahonni suna motsi da ransu. Na juya in kira Mama ta zo ta ga abin da Turawa ke ci. Sai na gan ta can nesa, tsaye a inda na bar ta, ta rungume sandunana biyu a ƙirji. Ba ta kira ni ba. Sista Pilar ta riƙe mata hannu. Na dubi ƙasa, na ga tafin ƙafata na hagu shimfiɗe a kan tayil, sanyinsa yana ratsa takalmin. A lokacin ne zafin ya zo, da tsoron, amma na riga na san ba ta karye ba. Na tako na komo wurinsu a hankali, ina ɗingishi ina dariya, kunun yana zuba a rigata.

Da muka dawo Mahuta, gidan bai ɗauke mu ba. Baba ya sa na yi ta kai da komo a tsakar gida yana tafiya a gefena, hannunsa a buɗe ko zan faɗi. Na ba da labarin idon da ke cikin ruwa da kogin da aka kawar har muryata ta dishe, Bulus ya ce ƙarya nake yi, ba a tayar da kogi. Kafin damina ta wuce na shiga gala-gala, aka cinye ni tun a gida na biyu, na yi ta murna kamar ni na ci.

Yanzu ina da 'ya'ya, kuma duk ginin da na kwatanta musu sai su nemo shi a waya kafin in rufe baki, su ce sun gani. Gidan hayar nan an rushe shi an yi shaguna, maƙwabtanmu kowa ya kama gabansa, wasu sun koma garuruwansu, wasu sun tsallaka kogin Kaduna zuwa wancan ɓangaren gari. Nakan bi ta wurin da ƙafa idan na taso daga aiki, in rage sauri ko zan ji muryar wani da na sani. Ƙafar ta kai ni wurare da yawa, amma tsakar gidan nan ne ba ta iya mayar da ni ba.