Illa Ya Ce Ya Yafe

Har gobe ban manta da Lahadin da babbar mota ta taka Illa a bakin tashar Magama ba. Lokacin ban cika wata uku da fara aikin inshora ba.

Ni ban yi digirin wannan sana'a ba. Ɗan kamasho ne ni a tasha, kamfani ya ɗauke ni wakili don na san direbobi kuma bakina ba ya gajiya. Aka yi mana ɗan kwas a Katsina, aka ba mu jaka, aka ce sauran mu koya a fage. Abin da nake sayarwa shi ne inshorar da ke biyan diyya ga wanda mota ta ji wa rauni. Direbobi kuwa ba don wannan suke saye ba, don kada jandarma su tsare su a hanyar Maraɗi ne.

Illa ɗan dako ne daga wani ƙauyen Maraɗi, mai mata da 'ya'ya huɗu. Yana ɗauke da buhu, Mamman direba ya yi baya bai gan shi ba. Aka yanke wa Illa ƙafa daga gwiwa. Motar Mamman tana da inshorarmu, ni na sayar masa da hannuna.

Na kira Manajan kamfaninmu. Ya ce ƙa'ida a fili take: rahoton 'yan sanda, takardar likita, sannan mai rauni ya nemi haƙƙinsa da bakinsa. In babu rahoto, babu diyya. Na yi murna, wallahi, na ce yau mutanen tasha za su ga amfanin takardar da suke yi mini ba'a a kanta.

Sai Talata na samu zuwa asibiti. A ƙofa na yi kiciɓis da sarkin tasha da liman da dattawan 'yan dako suna fitowa. Ashe an gama magana. Mamman ya yi kuka, ya ɗauki nauyin magani, Illa kuma ya yafe a gaban kowa, aka shafa fatiha.

Na zauna bakin gadonsa na yi masa bayani dalla-dalla. Na ce ba Mamman zai biya ba, kamfani ne, kuma abin zai ishe shi jari.

"Malam, in an kai rahoto, mi za a yi ma Mamman?"

Na ce za a riƙe shi da motar na ɗan lokaci.

"To ka gani. Mutumin da ya kwana nan tare da ni? Na ce na yahe, liman shina zaune. In tashi kuma in kai shi ga hukuma? Da wane ido za ni dubi mutane?"

"Illa, ƙafa fa ka rasa. Da me za ka ciyar da yara?"

"Wanda ya tsaga baki ba shi hana mishi abinci."

Raina ya ɓaci har na ɗaga murya, ma'aikaciyar jinya ta ce in fita. Na je wurin sarkin tasha, ya ce, "Yaro, ashe daga ba ka jaka ka koma ɗan hukuma? Maganar da aka binne kada ka tone ta." Mamman kansa ya ce shi ya yarda a kai rahoton. Illa ya ƙi.

Da na shaida wa Manaja, bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Shi ke nan, a rufe fayil." Wannan kalma ta fi komai yi mini zafi.

Bayan an sallami Illa, Mamman ya kai shi gida kyauta. Daga baya na ji babban ɗan Illa ya bar makaranta, ya zo ya karɓi dakon uban.

Ku sababbin shiga wannan aiki, sharuɗɗan inshora kowa zai iya haddace su, da digiri ko babu. Amma mutanenmu sun fi tsoron a ce sun janye magana a kan su kwana da yunwa, kuma kamfani ya san haka sarai. Don haka in kun ji an yi haɗari, ku bar abin da kuke yi, ku riga dattawa isa asibiti. Ni na isa suna sa takalma.