Shafin da ya iya gaisuwa

Ina danna maɓallin ƙarshe, jakunkunanmu suka ɓace daga intanet.

Ni ke kula da shafin ƙungiyar dukawan unguwarmu a nan Damagaram. Jiya na ce bari in yi wa manhajar sabar mizajur, wato in sauko da sabuwa daga rumbunta. Sabuwar ta hau lafiya lau, amma ta ture shafinmu ta kafa nata: fari fat, ba komai sai kalmar maraba da Turanci. Ga kuma wata mai saye daga Yamai ta ce da la'asar za ta duba kaya.

Ina neman yadda zan gyara sai ga Baba Alhaji, shugaban ƙungiyar, ya leƙo.

"Me aka rubuta nan, Mamman?"

"Cewa ya yi barka da zuwa, Baba. Kuskure ne, yanzu zan cire."

"Ka cire? Tun da ka kafa abin nan, baƙo na shigowa farashi yake fara gani, ko sannu babu. Ni kunyar faɗa maka nake ji. Yau na'ura ta yi hankali, kai kuma za ka hana ta?"

Kafin la'asar na maido da jakunkunan, amma Baba bai tashi ba sai da na rubuta a samansu: ina wuni, ina gajiya, ina iyali.

Matar ta saya. Saƙonta kuwa da "lafiya lau" ya fara.

Masu shafuka, naku yana gaisuwa, ko shi ma ba shi da tarbiyya?