Baba Biyu a Kan Karo Ɗaya

Da can, yaron da ba ya kallon ido, yana ta maimaita abin da aka faɗa masa, a ƙauyukanmu na Jazira ta Sudan sai a ce iska ce. Yanzu ko matasan ma'aikata sun san sunan abin da Larabci, tawahhud. Ni na fara ganinsa a Jidda, na kuma gani a Kano da Injamina. Ko'ina abu ɗaya na lura da shi: wasu yaran ba sa cewa "ni", sunansu suke kira kamar na wani.

Ranar da ba ta fita raina ba ita ce wata safiya lokacin tsinkar auduga, dab da ritayata. Ina mataimakin likita, wato mai duba marasa lafiya a shafahana, ƙaramin asibitin ƙauye, ana ce mini Hakim. Abin da ya fi ƙarfinmu mu tura babban asibitin birnin Madani.

Aka kawo Alhaji Garba a karo, wato amalanken jaki, yana ta faɗa da ɗansa Isiyaku. Matar Isiyaku na biye, riƙe da yaronsu ɗan shekara bakwai.

"Ya Hakim, duba mana shi," in ji Isiyaku. "Tun jiya yaron nan ke cewa cikin Baba ciwo. Ɗaki ɗaya suke kwana, ya ga abin da tsohon ke ɓoyewa."

"Cikina lafiya lau!" in ji Alhaji. "Asida na cinye kwano guda. Yaron da bai yi magana ba sai bana, shi ne ya zama daktor?"

Ƙa'idarmu a fara da wanda aka kawo. Na auna zafin jikinsa, na danna cikinsa ko'ina. Babu komai sai tsufa. Yaron kuwa yana tsugune a gefe, yana rangaji. Na tambaya, aka ce kullum haka yake. Amma na ga ba ya miƙe ƙafar dama.

Na ɗebo ruwa a moɗa, na ce, "Wa ke son ruwa?"

"Baba ruwa," in ji yaron, ya miƙo hannu.

Na juya ga uwar. "'Yata, yaya sunansa?"

Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi. Ba za ta faɗa ba. Nan na gane. Sunan surukinta aka sa masa, kunya ta hana kowa a gidan kiran sunan, sai Baba. Shi kuma da abin da yake ji ana kiransa yake kiran kansa. A gidan Larabawa da ya ce cikin Garba, da an gane tun jiya.

Ma'aikaciyar jinyarmu, Sit Nafisa, ta durƙusa. "Ina ke maka ciwo?"

"Maka ciwo," ya maimaita.

Na ce mata mu bi hanyarsa. "Baba zai kwanta. Hakim zai taɓa cikin Baba." Ya hau gado da kansa. Da na danna ƙasan cibiya ta dama na saki, ya ƙame, ya ce a hankali, "Baba ciwo." Jikinsa zafi rau. Alamun za'ida ne, ƙaramin hanjin nan da in ya fashe yakan yi kisa.

Na kira likitan tiyata a Madani. Ya ce a kawo shi nan take, kada a ba shi ko ruwa. Na karɓe moɗar, na ce wa likitan, "Ya Daktor, kada ku ce masa kai. Ku ce Baba."

"Uban ne ko ɗan?"

"Ɗan. Uban sunansa Isiyaku, kakan kuma ƙalau yake."

Ya yi dariya, amma ya gaya wa ma'aikatansa. An yi aikin kafin la'asar, hanjin bai fashe ba. Alhaji ya tare a bakin gadon har aka sallame su, yana gaya wa kowa, "Takwarana ya faɗi gaskiya, mu ne kurame."

Aikinmu ya koya mini cewa mara lafiya yakan faɗi ciwonsa daidai, sauraron ne namu. Tun daga ranar, duk yaron da aka kawo shafahanarmu, kafin a taɓa shi ana tambaya yadda ake kiransa a gida da yadda yake kiran kansa. Na bar aiki, Sit Nafisa ce ke riƙe da wurin, kuma har yau haka ake yi.