Adireshinmu a Kan Fatar Akuya

A ƙarshen shekarun casa'in kasuwar dukanci ta mutu a Tawa. Mahaifina baduku ne, ni ma a rumfarsa na tashi, muna ɗinka jakunkuna da alabe da takalma da jar fatar akuya. A da, motocin baƙi 'yan yawon buɗe ido masu zuwa Agadas kan tsaya su saya. Da hanyar arewa ta lalace saboda rashin tsaro sai suka ɗauke ƙafa, kuma ko bayan an samu lafiya suka dawo, wucewa kawai suke yi. Abokan sana'armu da yawa suka ajiye basilla suka tafi cin rani.

Ƙanwata tana aikin buga takardu a wani biro, wato ofis, a Yamai, inda suke da kwamfuta. Da ta zo hutu ta ɗauki hotunan kayanmu, ta koma da su. Bayan wata biyu ta aiko da wasiƙa cewa wani abokin aikinta ya buɗe mana shafi a intanet, duk wanda ke duniya zai iya ganin jakunkunanmu ya rubuto. A ƙasan wasiƙar ta rubuta adireshin da manyan baƙaƙe, ta ƙara da cewa, "Yaya, shafin nan ba ya kiran kowa. Sai kun sanar da mutane shi."

Na karanta wa Baba. Ya ce, "To, a sanar mana. Mi ake jira?"

Na fara da abin da na sani. Ranar kasuwa na samu mai shela, na ce ya zagaya ya faɗa. Bawan Allah ya yi iya ƙoƙarinsa, amma baƙaƙen suka sarƙe masa a baki, mutane suka taru suna dariya. Wani mai albasa ya tambaye ni ko sabuwar jam'iyya muka kafa, don lokacin kowa jam'iyya yake kafawa. Da na dawo gida na zauna na yi tunani, sai na ga wautata: duk wanda ya ji shelar nan ba shi da kwamfuta, kuma ya riga ya san ƙofar rumfarmu.

Sai na sa aka rubuta allo babba, na kafa a bakin titi. Na yi yini uku a gindin allon ina kallon motocin baƙi suna wucewa a guje. Babu wanda ya waiwaya.

Baba ne ya kawo shawarar da ta yi aiki. Yana yanka fata, bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Kai kana kafa allo a wuri ɗaya, su kuwa tafiya suke. Ba su abin da zai tafi tare da su. Ka buga rubutun a jikin fatar."

Washegari na tafi wurin wani tsohon maƙeri, aminin Baba, na nuna masa takardar. Bai yi boko ba, amma idonsa ba ya kuskuren zane. Cikin kwana huɗu ya sassaƙa hatimin ƙarfe. Muka jiƙa fata, muka ɗora, na buga guduma. Da na ɗaga sai ga rubutu ya fito a juye, daga dama zuwa hagu.

Ya duba ya ce, "Ai ya fito da kyau."

Na ce, "Kawu, a baibai yake. Ba mai iya karanta shi."

Ya ce, "Yadda ka ba ni haka na yi. Laifin takardarka ne."

Gaskiyarsa. Na sake rubutawa, na shafa wa takardar man gyaɗa har ana ganin baƙaƙen ta bayanta, na kifa ta, na ce ya bi haka. Ya so ya bar ɗigon da ke tsakiya, wai ƙazanta ce ta faɗa a takardar. Sai da na rantse masa cewa ƙanwata ta ce in babu ɗigon nan shafin ba ya buɗewa.

Hatimi na biyu ya fito daidai. Muka tattara guntayen fatar da a da muke zubarwa, muka yi ƙananan maratayan mabuɗi, kowanne da adireshin a bayansa. Na lura cewa duk saurin motocin nan dole su tsaya shan mai kafin su kama hanyar arewa. Na roƙi mai gidan man, ya bar ni in tsaya daga gefe. Duk baƙon da ya sauko sai in miƙa masa ɗaya, in ce da ɗan Faransancin da na koya a lakwal, kyauta ce daga badukan Tawa. Wasu su ƙi karɓa, suna zaton wata dabara ce. Wasu su juya shi, su ga rubutun, su yi mamaki su tambaya ko da gaske ne. Haka na yi har lokacin baƙi ya wuce, zafi ya shigo.

Shiru, babu wanda ya rubuto. Maƙwabta suka fara ce mini mai rabon fata kyauta. Ni kaina na soma jin kunyar bi ta gidan man.

Ana gab da damina, wata ranar Laraba da hantsi, direban motar Yamai ya tsaya a ƙofar rumfa ya miƙo ambulan. Takarda ce ƙanwata ta buga daga kwamfuta. Wata mata mai kanti a ƙasar Turai ta ga maratayin mabuɗi a hannun ɗan'uwanta, ta buɗe shafin, tana son jakunkuna arba'in irin ta hoto na huɗu, kuma tana tambaya ko za mu iya ci gaba da aiko mata.

Na karanta a tsaye. Baba ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ajiye wuƙar, ya karɓi takardar da ba ya iya karantawa, ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ɗauki hularsa ya fita. Har azahar yana bin gidajen badukai ɗaya bayan ɗaya, yana cewa duk mai ɗa a cin rani ya aika masa ya dawo, aiki ya samu.

Mutum shida muka zauna a kan jakunkunan nan. Ranar da aka ɗaure kwalayen a saman motar Yamai, matan unguwa suka fito suka yi guɗa, masu kabu-kabu suka raka motar da oda har bakin gari. Ni da Baba muka dawo a ƙasa, kowa muka gamu da shi sai ya tsayar da mu. Ba mu isa rumfa ba sai bayan la'asar, muka tarar da mai kawo mana fata yana jira da sabon kaya.