Alamomin Ilu Direba

Shekara shida ke nan da rasuwar Ilu Direba, mutumin Maraɗi, wanda muka raba ɗaki da shi a unguwar Manfuha, a birnin Riyad. Na zauna in tuna da shi, na rasa ta inda zan kama, don garin da ya bari ba shi nake ciki ba.

Ilu ya daɗe yana kwasar leburori a motar kosta daga unguwar Sulay zuwa wuraren gini. Bai iya karanta allon hanya ba, da ido yake riƙe Riyad: shataletale mai dabino uku, gidan mai mai koren rufi, Bayamane mai gurasa. Ni da na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa a Alƙahira da Faris da Landan, nakan ba shi labari. Sai ya ce, "Alhaji, mai rai ya shiga rami da ƙafarsa? Ni sau ɗaya zan shiga, kuma ɗaukata za a yi."

Haka aka yi. Kaburburan nan ba a rubuta musu suna, don haka ranar jana'iza na yi yadda ya koya mini. Na riƙe ƙofar maƙabarta da ke kallon gidan mai, da layi na bakwai, daidai sandar wuta.

Kowa ya daɗe ya ga daɗau. Yau an farke Riyad ana haƙa wa jirgin ƙarƙashin ƙasa hanya, ko'ina shinge, ko'ina tahwila, a ce ka juya ka bi wani titi. Cikin masu haƙar har da Sani, ƙanen Ilu. Wata Juma'a ya zo ya ce, "Baba Alhaji, kai ni wurin Yaya. Inna na jiran in ce mata na je."

Na yi masa alkawarin kai shi. Muka yi ta kewaye. An share shataletalen, an rushe gidan man, ƙofar da na sani tana bayan shinge. Muka shiga ta wata. Layuka sun ƙaru, sandunan wuta duk iri ɗaya. An ce matambayi ba ya ɓata, to wa zan tambaya a maƙabarta?

Na ce, "Sani, na ɓata."

Sai ya ce, "Ai yana ciki, ko?" Ya ɗaga hannu ya yi wa duk mamatan wurin addu'a. A mota ya kira Maraɗi ya ce, "Inna, na je." Har yau ban san ko na cika alkawari ba.

Me Ilu zai ce da wannan gari? A Landan na ga mutane suna ratsa birni ta ƙarƙashin ƙasa ba su ga fuskarsa ba, kuma suna isa kan lokaci. Ƙila hakan ya fi. Ƙila leburorin da ya kwasa za su huta. Ban sani ba.

Abin da ya saura ba alamomin ba ne. Jiya wani Bangali ya tare Sani a Sulay don ya ga yana kama da Ilu, ya ce yayansa bai taɓa tashi ya bar lebura yana gudu a bayan mota ba. Wannan ba a rushe shi ba tukuna. Allah ya jiƙan Ilu, a kowane layi yake.