Kujerun Bayan Turaku

Shekarun da na yi a Guangzhou sun isa mutum ya manta da abubuwa da yawa, kuma na manta. Fuskokin 'yan kasuwar da na yi wa lodin kaya sun gauraye a kaina, wasu layukan ma an rushe su an sake gini har ban iya tuna yadda suke a da. Amma akwai wata kakar wasa ta ƙwallon Amurka da ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Ubangijina, ni da ko ƙwallon ƙafar da yaranmu ke haukacewa a kai ban taɓa zama na kalla ba.

Ofishina na tura kaya yana cikin wani dogon bene a unguwar Xiaobei, ɗan ɗaki ne mai tebur da sikeli da tarin kwalaye. Ƙofar da ke kallon tawa ta wani dattijo ce mutumin zangon Kumasi, shi ma sana'arsa ke nan, yana tura kaya Ghana. Kowa a benen Ba'amurke yake ce masa, saboda ya daɗe yana tuƙin tasi a wani gari mai tsananin sanyi a bakin tabki, can arewacin Amurka, kafin ya faɗo ƙasar Sin. Shi kuma bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai Bakano. Sa'annin juna ne mu, tare gemunmu ya yi fari.

Duk ranar Litinin bayan asuba, tun kasuwa ba ta buɗe ba, sai ya zo ofis da fulas ɗin shayi, ya kunna kwamfutarsa. A can ana buga wasan ne lokacin da mu muke barci, don haka wanda aka naɗa yake kallo, kuma ya kafa doka cewa duk wanda ya faɗa masa sakamako kafin ya gama, to sun ɓata. Ranar da na fara leƙawa, tsokana ce ta kai ni. Na ga ƙarti sanye da hular kwano suna ta kayar da juna a kan wata ƙwallo mai kama da gwanda, na ce masa wannan ai dambe ne aka sa wa riga. Ko juyowa bai yi ba ya ce mu Kanawa in ba ciniki ake yi ba ba ma gane komai, in zauna in sha shayi ko in ja masa ƙofa. Na zauna.

Da sannu ya koya mini. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta matsa gaba da ƙwallon, in ta kai ƙarshen fili ta ci. In ta gaza, ko kuma bayan ta ci, sai wani ya fito ya buga ƙwallon da ƙafa ta bi ta tsakanin wasu dogayen turaku biyu masu siffar gwafa. Ƙungiyarsa ta garin da ya zauna ce. Ya ce tun yana can ba su san komai ba sai shan kashi, amma mutanen garin suna son su kamar yadda uwa ke son ɗanta da ya ƙi jin magana. A wannan shekarar kuwa sai suka samu wani matashi mai iya jifa, suka shiga cin wasa mako bayan mako.

Ban yi karatu mai zurfi ba, amma aikin kaya ya koya mini lura. Na fara ganin wani abu da bai yi mini daidai ba. In ƙungiyar ta tafi wasa wani gari, Ba'amurke da rabin ido yake kallo, wani lokaci har gyangyaɗi yake. In a gida ake yi, sai ya matso da kujera. Kuma duk sanda za a buga ƙwallo zuwa turakun da ke ɓangaren tabki, ko abokan gaba ne za su buga, sai ya tsayar da hoton, ya sa tabarau, ya kusa manna hancinsa da gilashin. Wata rana abokan gaba suka ci a wannan ɓangaren, na ji ya ce alhamdulillahi a hankali.

Na ce, "Ba'amurke, kai wai wa kake goyon baya ne?"

Sai ya nuna mini 'yan kallon da ke zaune a bayan turakun, waɗanda na'urar ɗaukar hoto ba ta nuna su sosai sai in an zo bugu. Ya ce, "'Yata tana cikin waɗannan."

A ranar ya ba ni labarin da duk zamanmu bai taɓa ba ni ba. Ya yi aure a can, suka haifi 'ya mace. Tana 'yar ƙarama yakan ɗora ta a wuyansa su je bakin filin wasan su ji ihun mutane, don tikiti ya fi ƙarfinsa. Da mahaifiyarsa ta rasu ya taho Kumasi, alhali takardunsa ba su cika ba, ya san da wuya a bar shi ya koma. Aka hana shi kuwa. Da farko yana kira yana cewa yana nan tafe. Da alkawarin ya yi yawa sai kunya ta kama shi, kiran ya ragu, ya sake aure a gida, uwar yarinyar ta daina ɗaukar waya. Yarinyar ta girma ba shi. Wani ɗan ƙanwarsa da ke Amurka ne ya taɓa haɗuwa da ita a filin, ta yi aure, ita da mijinta suna da kujerunsu na dindindin a bayan turakun ɓangaren tabki. Ya turo masa hotonta guda ɗaya da lambar wayarta.

Na tambaye shi me ya hana shi kira tun da lamba na hannunsa. Ya ce me zai ce mata? Ya ce yana da shiri. In ƙungiyar ta ɗauki kofi, garin gaba ɗaya zai rikice da murna, maƙwabcin da ba kwa ga maciji ma zai rungume ka a titi. A irin wannan rana ba wanda zai ƙi ɗaukar waya. Zai fara da taya ta murna, sauran maganar ta biyo baya. Na ce lallai wannan dabara ce. Yanzu in na tuna, ba dabara ba ce, tsoro ne muka yi wa ado mu biyu.

Daga nan kakar wasan ta zama tawa ni ma. Na koma ina ƙosawa Litinin ta yi. Ni ne mai sayo gurasa mai zafi wajen wani Musulmi ɗan Sin da ke gasa ta a bakin layi, shi ne mai shayi. In an zo bugu ya tsayar da hoto, sai mu raba aiki, shi ya duba layukan sama ni in duba na ƙasa, hotonta na waya yana ajiye a gefe. Fuskoki ne ƙanana kamar ƙwayar gero. Sau da yawa zan ce ga ta nan, ya duba ya ce wannan ai ta girme mu, ko ya ce Bakano je ka canja tabarau, wannan namiji ne. Mu yi dariya. Wani lokaci kuma ya tsaya a kan wata fuska, ya ce goshin irin na mahaifiyarsa ne, amma bai tabbatar ba. Kowace nasara a wurinmu ƙarin mako ce, domin ya bayyana mini cewa in suka gama a sama, wasannin fitar da gwani ma a filinsu za a yi.

Haka aka yi. Suka gama a sama, suka ci wasan farko na fitar da gwani, ya rage guda su kai na ƙarshe. Wannan karon da yamma za a buga a can, wato da safe a wurinmu, don haka kai tsaye za mu gani. Ba'amurke ya ce kwamfuta ta yi ƙanƙanta. Muka je wani shagon taliya na halal da ke da babbar talabijin, ya roƙi laban, wato mai shagon, ya juya mana tasha. Mutumin ya yi dariya ya ce tun da ya buɗe shago bai taɓa ganin tsofaffi biyu sun zo kallon faɗa kafin karin kumallo ba.

Dusar ƙanƙara ake yi a can. Kowa a filin ya naɗe kansa da wuyansa, sai idanu. Ba'amurke bai taɓa taliyarsa ba. Wasa ya yi zafi har dab da tashi, ƙungiyarmu tana baya da kaɗan, suka matso, suka gaza shiga, ya zama bugu ɗaya ne zai raba, kuma zuwa ɓangaren tabki. Mai bugun ya ja da baya. Ni dai na ji bakina yana addu'a, a kan wasan da wata huɗu kafin nan nake kira dambe. Ya buga, ƙwallon ta tashi kamar za ta shiga, iska ta karkatar da ita ta wuce ta gefen turke.

Sai na'urar ta tsaya a kan 'yan kallon da ke baya, ta daɗe fiye da yadda ta saba. A tsakiyarsu ga wata matashiya baƙa, ta janye mayafin wuyanta, ta dafe baki da hannu biyu. Ba'amurke ya miƙe, ya taka har gaban talabijin ya ɗora yatsa a kan gilashin. Babu damar tsayar da hoto. Kafin in sa tabarau an wuce.

Ya ce, "Ita ce, Bakano."

Muka fito, muka tsaya ƙarƙashin gadar sama, masu turin kaya suna ta wuce mu. Ya ciro wayarsa, ya buɗe lambar. Ya dube ni ya ce, "In kira? Yau tana cikin baƙin ciki. Ko banza sai in yi mata jaje."

Na ce masa ya bari ta huce. Na ce yaron nan mai jifa yanzu ya fara, baɗi kofin nasu ne, ya kira ta a ranar farin ciki kamar yadda ya tsara. Ya gyaɗa kai da sauri kamar wanda aka sauke wa kaya, ya mayar da wayar aljihu. Na sha tambayar kaina me ya sa na faɗi haka. Ina jin ban so in ga an kashe masa waya a gabana ba ne. Ina jin kuma, Allah ya yafe mini, ina kwaɗayin wata shekarar ta shayin Litinin.

Ba a jima ba hutun sabuwar shekarar Sinawa ya zo, aka rataye jajayen fitilu, kasuwanni da masana'antu suka rufe. Ya tafi Kumasi kamar yadda ya saba duk shekara, ya bar mini makullin ofishinsa. Ana gab da buɗe kasuwa labari ya zo ta bakin 'yan garinsu cewa ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar gida, hawan jini, bai kai asibiti ba. Muka yi masa addu'a bayan sallar Juma'a. Na yi makonni ban iya kallon ƙofar da ke gaban tawa.

Da na ɗan dawo hayyacina na nemi ɗan ƙanwar tasa, ya ba ni lambar. Wata safiya na kira, da ɗan Turancina na kasuwa. Ƙara biyu ta ɗauka. An riga an sanar da ita rasuwar. Na ce ni abokin mahaifinta ne, na yi mata ta'aziyya, ta ce mini sannu Baba, da 'yar Hausar da ta rage mata. Na ba ta labarin Litinin ɗinmu kaf, har na ce mata ya gan ta a ranar dusar ƙanƙara, ya taɓa fuskarta a gilashi.

Sai ta ce ba ita ba ce. Ta haihu tun kafin a fara kakar, suka bar wa wasu kujerun, ko sau ɗaya ba ta taka filin ba a shekarar. A gida ta kalli wasan, da jariri a cinya.

Ta ce, "Da ya kira, da na yi masa faɗa, da na yi kuka. Amma da na ɗauka."

Can ta tambaye ni yadda muryarsa take, ta ce fuskarsa tana da ita a hoto, muryar ce ta ɓace mata. Na duba wayata, na tarar da saƙonnin murya da yake turo mini, duk na aiki ne da tsokana. Na tura mata su gaba ɗaya. A ɗaya yana faɗa a kan kwalayen da na tare masa hanya da su, a wani yana cewa Bakano ka taho shayi na hucewa. Ba ta jin abin da yake faɗa. Daga baya ta rubuto mini cewa tana kunna wa yaron.

Har yanzu in kakar wasan ta zagayo nakan ji Litinin ta yi mini faɗi. Na gwada kallo ni kaɗai, da aka zo bugu na ga idona ya tafi kan kujerun, na kashe.

Abin da na koya shi ne, in akwai wanda ka ɓata wa kuma kana da hanyar jin muryarsa, kada ka zauna jiran ranar da ta dace, domin tsoronka ne zai riƙa zaɓa maka ranar, kuma kullum gaba zai tura ta. In kuma abokinka ya riga ya ciro waya ya dube ka yana neman ƙarfin gwiwa, ka ce masa ya danna, ka tsaya kusa da shi ko me za a faɗa masa.